Katafila Ta Ƙi Tashi? Kafin Ka Kwance Famfo, Bi Wannan Tsarin

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kanikanci da injiniyan noma masu shirin fita SIWES, wannan darasin naku ne. Lokacin da na yi nawa SIWES ɗin a wani kamfanin gina hanya, akwai wata tsohuwar katafila D7G da ta kwashe damina guda a ajiye a bakin ramin ɗibar marmara. Ranar da aka buƙace ta, direba ya murɗa makulli, ta ƙi tashi. Nan take wani ya ce famfon mai ne, a kwance shi a kai gari. Ogan makanikanmu bai kula shi ba, sai ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan makaranta, injin yana juyawa ko ba ya juyawa?" Wallahi na kasa amsawa, don ban ma saurara ba. A ranar na gane cewa gyaran inji tambaya ce ake yi bi da bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Tuna yadda injin dizal yake

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi sama da digiri 500, sai nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Ke nan abu huɗu yake nema: juyi mai sauri, gas mai tsabta a kan lokaci, isasshiyar iska, da matsi mai kyau. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace.

Mataki na 1: kar ka taɓa makulli tukuna

Sauke cebur ɗin gaba ƙasa, sa giya a firi, ja birki. Duba baƙin mai da ruwan lagireto. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In ya haura layi kuma yana warin gas, gas na zuba a ciki.

Sai ka leƙa bakin salansa. Na katafila sama yake kallo, in murfinsa ya faɗi ruwan sama zai iya gangarawa har cikin silinda. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ka ba da kik a haka, sandar fistin za ta iya lanƙwashewa, aikin yini ɗaya ya koma na wata guda. Don haka injin da ya daɗe a ajiye, fara juya shi da hannu, da sufana da dogon ƙarfe, zagaye biyu cikakku. In ya cije a wani wuri, kar ka tilasta masa. A cire nozul a fitar da ruwan.

Mataki na 2: ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar

Nan maganar lantarki ce. Yawancin manyan injuna bolt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu masu bolt 12 da aka haɗa a jere. Fara da babban makullin da ke yanke batir, don sau da yawa a kashe ake barinsa. Sannan ɗauko mita. Cikakken batir yana nuna kamar 12.6, biyun kuma kamar 25.2. Amma ainihin gwajin shi ne lokacin ba da kik: in ɗayansu ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gaji. Batir ɗaya mara lafiya ya isa ya ja ɗan uwansa ƙasa.

In batiran lafiya lau amma "ƙas" kawai kake ji, goge kawunansu, ka ɗaure wayar da ke zuwa jikin bodi da kyau. Wayar da ta yi zafi bayan kik, nan wuta ke maƙalewa. Duba kuma ko ɓeraye sun ci wayoyi. Sai duk wannan ya fita za ka zargi solanoyid ko kik ɗin kansa.

Gargaɗi biyu. Kar ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 30; ba shi minti 2 ya huce. Kuma kar ka tsaya kusa da sarƙa kana haɗa kik da sukuddireba. In giya a ciki take, katafila za ta tashi ta bi ta kanka.

Mataki na 3: yana juyawa da kyau, to kalli hayaƙi

Salansa ba ya ƙarya. In babu hayaƙi ko kaɗan, gas ba ya isa silinda. Farin hayaƙi mai warin gas na nufin gas ya iso amma bai ƙone ba, wato zafi ko matsi ya gaza. Baƙin hayaƙi kuma iska ce ta yi kaɗan.

In babu hayaƙi, bi gas daga tanki zuwa nozul, kar ka tsallake:

1. Libar mai. A tsofaffin katafila da ita ake kashe inji, in ba a janyo ta daga wurin kashewa ba, babu gas.
2. Tanki. Auna da sanda, kar ka yarda da geji. Buɗe magudanar ƙasa ka tara a kwalba. Ruwa ya fi gas nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. Duba hudar shan iskar murfin, zanzaro na son toshe ta da laka.
3. Filta. Tsohon gas mai ruwa yana tara baƙar dauɗa mai yauƙi. Canja filta, kar ka wanke ta takarda.
4. Iska a layi. Sassauta kusar fitar da iska, ka yi ta danna famfon hannu har gas ya fito ba kumfa. In da buƙata, sassauta goron bututun nozul kaɗan, a ba da kik har gas ya tsarto, sannan ka ɗaure.

A wannan na ƙarshen, nisanta hannunka. Gas ɗin da ke zuwa nozul yana da matsin da zai huda fata, kuma irin wannan raunin na asibiti ne nan take, ko da ɗan ɗigo ka gani.

In fari ne hayaƙin, kuma injin irin mai hita ne, gwada kowace hita da mita. Da sanyin safiyar hunturu, biyu ko uku da suka mutu cikin shida sun isa su hana tashi. In baƙi ne, cire filtar iska. Ƙurar hunturu da ta marmara ba sa raga mata.

Mataki na 4: sai yanzu za a yi zancen tsada

In batir, gas da iska duk sun ci jarrabawa, a gwada matsin kowace silinda. Matsi ya yi ƙasa, to zoben fistin, bawul ko gasket ne. Famfo da nozul kuwa wurin masu injin gwaji ake kai su, ba a buɗe su a cikin ƙura.

Ka kuma kiyayi dabarar gareji ta jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shan iska. Haka ma feshin tayar da inji, kar a haɗa shi da hita, zai iya fashewa. Sannan injin da ya daɗe a tsaye, rak ɗin famfonsa kan iya maƙalewa a buɗe, ya tashi ya yi ta gudu ba ya jin liba. Shi ya sa ake ajiye faffaɗan katako kusa, a toshe bakin shan iska da shi. Ba da tafin hannu ba fa!

To, ita waccan D7G ɗin fa? Tana juyawa da kyau, babu hayaƙi. Na danna famfon hannu har hannuna ya gaji, kumfa ta ƙi ƙarewa. Oga ya ce in bi tiyo daga tanki da ido. Ashe rana ta busar da shi, ya tsage a bakin maɗauri, yana zuƙar iska. Muka canja guntun tiyo, muka fitar da iska, ta tashi kafin azahar. Da an bi shawarar farko, da an biya kuɗin mota da na gwajin famfo, aikin hanya ya tsaya kwanaki, a dawo kuma a tarar da tiyon yana nan a tsage.

Kwafi matakan nan a bayan littafinka na SIWES. Ranar da Oga ya tambaye ka ko injin yana juyawa, ka zama ka riga ka saurara.