Maƙogwaro Ma Yana Buƙatar Atisaye Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Idan mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, hankalin dangi kan tafi ne ga hannu da ƙafa: yaushe Baba zai miƙe, yaushe zai taka zuwa masallaci? Ba mai tuna maƙogwaro, alhali kusan rabin masu wannan lalura suna fama da wahalar haɗiya a kwanakin farko. Da yawa sukan warware cikin 'yan makonni, wasu kuwa abin ya zaunar musu.

Aikina a nan Umdurman shi ne koya wa irin waɗannan majinyata haɗiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitocin Khartum da dama suka rufe, nauyi ya koma kan 'yan kaɗan irin su Al-Nau da ke unguwar Sawra, galibin jinya kuma ta dawo hannun 'ya'ya da matan gida. Da su nake magana.

Sau da yawa nakan tarar da dattijo kwance a kan gadon angarib, 'yarsa ta tallafo kansa tana ɗura masa karkade, wato zoɓo, yana tari har da hawaye, ana ce masa, “Sannu Baba, ƙwarewa ce kawai.” Wannan tarin ba na banza ba ne. Tsokar da ke rufe hanyar iska ta yi rauni, ruwa kuma ya fi ta sauri, sai ya zarce huhu. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya biyo baya, ciwon huhu ya kama shi. Wani ma ko tarin ba ya yi. Ku lura da murya mai gargara bayan an sha abu, da dalalar yawu, da abincin da ke taruwa a kunci.

Tsokar haɗiya tana ƙarfafa da atisaye. Akwai wanda likita Reza Shaker na Amurka ya fito da shi: majinyaci ya kwanta rigingine ba matashi, ya ɗago kai har ya hango yatsun ƙafarsa, kafaɗa na ƙasa. Ya riƙe minti 1, ya huta minti 1, har sau 3, sannan ya ɗaga ya sauke sau 30. Ana yi sau 3 a yini, tsawon mako 6. Wanda bai iya ba ya fara da abin da ya sawwaƙa, mai ciwon wuya kuwa ya bar shi. Mai rauni sosai yana iya zama ya danne ƙaramar ƙwallon roba da haɓarsa. Akwai kuma haɗiye yawu da dukkan ƙarfi, da riƙe zakaran wuya a sama na daƙiƙa 2 zuwa 3 a tsakiyar haɗiya. Kowane majinyaci da wanda ya dace da shi, don haka masani ya fara duba shi.

Wajen ci, a zaunar da shi sosai, a ba shi kunun madida ko tuwon asida mai laushi a ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Agashe da busasshen burodin kisra su dakata tukuna. In ya gama, ya ci gaba da zama rabin awa, a goge masa baki. Idan likita ya ce a sa robar hanci, kada a ɗauka an yanke ƙauna. Ciyar da shi take yi kafin maƙogwaro ya dawo. Zazzaɓi kuwa, ko numfashi sama-sama, ko rama, ba a kwana da su a gida, sai asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.