Ku Riƙa Ɗaga Kai Sama

Jikokina, ku matso kan tabarma, ku kife wayoyin nan tukuna. Wutarsu tana kashe ido, sai an jima a duhu kafin taurari su fito wa mutum sosai.

Ni ba ni da takardar haihuwa. Kwanakin gidanmu a sama na ajiye su. An ɗaura aurena da kakarku a shekarar da rana ta yi husufi, 30 ga Yuni 1973, ana tsakiyar fari, shanu suna faɗuwa a gindin duwatsun Kutus. A nan Kelle ba ta rufe duka ba, can arewa wajen Abzin ne ta yi duhu ƙirin. Tsofaffin mata suka ce auren ba zai yi albarka ba. Limaminmu ya ja sallar husufi, ya tuna mana cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufi, kuma Manzo da kansa ya hana a danganta shi da mutuwar wani ko haihuwarsa. To, ga ku nan cike da tsakar gida. Wannan nake so ku riƙe: ku ƙirga kwana da sama, amma kada ku yi duba da ita.

Autata an yi sunanta lokacin tauraruwa mai wutsiya ta 1986. Husufin Laraba 29 ga Maris 2006 kuwa, wanda ya rufe Maradi da hantsi, ya same mu ana shirin bikin yayarku.

Ga Kaza da 'ya'yanta can, cunkus wuri guda. Idan ta ɓace a yamma, bazara ta kai maƙura. Idan ta sake leƙowa gabas da asuba, sai manomi ya duba irin geronsa, ko da yake ruwan yankinmu na Gure ba ya gaggawa, ya sha ba mu kunya. Waccan ta arewa da ba ta gusawa, ƙasa-ƙasa bisa dutse, da ita madugai suke kama hanya in ayari ya nufi Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. Sau ɗaya na bi su, ina saurayi. Madugunmu Buzu ne, ba ya yawan magana, sai ya kalli sama ya ja akala.

Ɗan kawunku da ya je karatu Tromso, a arewacin Norwe, ya ce a can tauraruwar arewan nan kusan bisa kai take. Wai da damina tamu rana takan yi kamar wata biyu ba ta faɗi ba, har Musulmin garin suna bin lokacin Makka in azumi ya faɗo a ciki. Da sanyi kuma akwai lokacin da rana ba ta fitowa, wani koren haske yana rawa a sama. Na yi ta jinjina abin, ikon Allah. Amma na ji daɗi da ya ce daren farko da gari ya washe, Kaza ya fara nema, ya gan ta, hankalinsa ya kwanta.

Jibi za a nemi jinjirin wata. Idanuna sun yi rauni, bana ku za ku hau dutse bayan magariba. Wanda ya fara gani ya zo ya gaya mini.