Idan Suna Ya Saɓa A Takardar Shaidar Aure: Darasi Ga Mai Neman Asalin Zuri'arsa

Mutane da yawa a ƙasar nan sukan ɗauki aniyar tattara labarin kakanninsu, ko don su bar wa 'ya'yansu tarihi, ko don wata larura ta gado. Sau da yawa takarda ta farko da ke faɗawa hannunsu ita ce ta shaidar auren iyaye ko kakanni. Sai mutum ya buɗe, ya tarar sunan da ke ciki ba shi ne wanda dangi suka sani ba. Nan da nan sai ya zaci ko takardar ta wani ce, ko kuwa an yi ha'inci. Galibi ba ko ɗaya. Wannan darasi zai bayyana dalilan irin wannan saɓani da hanyar warware shi.

Wace takarda ake nufi?

Aure iri uku doka ta sani a Nijeriya: na Musulunci, da na gargajiya, da na rajista. A zamanin da, na farko da na biyu ba safai ake rubuta su ba. Waliyyi da shaidu da sadaki su ne hujja. Na ukun shi ne wanda ake ɗaurawa a ofishin rajista ko a cocin da aka ba izini. An kafa dokarsa a Ikko cikin 1884, sa'an nan aka yi wata ta ƙasa baki ɗaya cikin 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu.

A takardar irin wannan aure akan rubuta ranar aure, da sunayen ango da amarya, da sana'a, da mazauni, da sunan mahaifin kowannensu da sana'arsa, kana shaidu biyu su sa hannu. Takarda biyu ake cikawa. Ɗaya ta ma'aurata ce, ɗaya kuwa, in a coci aka ɗaura, doka ta ce a aika wa magatakardan aure na yankin cikin kwana 7, shi kuma ya shigar cikin littafin rajista.

Dalilan saɓanin suna

Na farko, Bature ne ya tsara takardar bisa al'adarsa ta sunan iyali guda wanda ake gada kaka da kakanni. Hausawa da kabilu da yawa ba su da wannan al'ada. Mutum yakan jingina sunansa da na mahaifinsa, ɗansa kuma ya jingina da nasa, saboda haka suna na biyu yana sakewa daga uba zuwa ɗa.

Na biyu, makarantun boko na Arewa sun saba laƙaba wa yaro sunan garinsu, domin a bambanta masu suna ɗaya. Ta haka aka san Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, da Shehu Shagari. Duka sunayen garuruwa ne, ba na iyaye ba.

Na uku, laƙabi da alkunya. Wanda aka raɗa wa sunan kakansa ba a kiransa da sunan yanka a gida. Abubakar yakan zama Garba ko Buba, Usman ya zama Shehu, Muhammadu ya zama Mamman, wani kuma a san shi da Ɗanjuma ko Tanko har ya mutu.

Na huɗu, kunnen akawu. Bahaushen da ya zauna a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Inugu, yakan faɗi sunansa ga magatakardan da ba ya jin Hausa, shi kuwa ya rubuta yadda ya ji: Garba ya koma Garuba, Muhammadu ya koma Momodu. Tsofaffin na'urorin buga takarda kuma ba su da haruffa masu ƙugiya.

Na biyar, riƙo da sake aure. Yaron da kawu ya riƙa yakan ba da sunan kawun a gurbin na mahaifi. Bazawara kuma akan rubuta ta da sunan mijinta na fari.

Na shida, sake suna da gangan. Wasu sun ɗauki sabon suna lokacin baftisma ko musulunta. A Ikko, wajen ƙarshen ƙarni na 19, wasu 'yan boko sun yar da sunayen Turawa suka koma na gargajiya. Shahararren malamin coci David Brown Vincent shi ne ya zama Mojola Agbebi.

Misali

A ƙaddara wani mutum sunansa na yanka Abubakar, mahaifinsa Usman, garinsu Bici. A rajistar makaranta shi ne Abubakar Bici. Da ya shiga soja sai ya ba da sunayen gida, aka rubuta Garba Shehu. Ranar aurensa a Kudu akawu ya rubuta Garuba Usman. Takardu uku, sunaye uku, mutum ɗaya, kuma babu inda ya yi ƙarya. Jikansa da ya yar da biyu ya riƙe ɗaya, ya yi asarar kashi biyu cikin uku na tarihin kakansa.

Hanyar warwarewa

1. A kwafe takardar harafi da harafi yadda take, har da abin da ake zaton kuskure ne.

2. A nemi ta ofishin rajista ko ta coci a gwada da ta gida. Doka ta yarda a duba littafin rajista, a kuma karɓi kwafe mai hatimi bayan an biya kuɗin da aka ƙayyade. Wani lokaci kuskuren wajen kwafewa ya shiga, ta asali lafiya lau take.

3. A dubi sa hannu. Wanda ya rubuta sunansa da hannunsa, da boko ko da ajami, ya fi akawu sanin sunansa. Wanda ya dangwala yatsa kuwa, mai yiwuwa bai san abin da aka rubuta ba.

4. Kada a tsaya kan suna kaɗai. A gwada sunan mahaifi, da sana'a, da unguwa, da shekara, da sunayen shaidu, domin shaidu galibi dangi ne ko maƙwabta.

5. A nemi wasu takardu na zamanin: rajistar makaranta, littafin baftisma, takardar sallama daga soja, takardar fansho, ko littafin kotun alƙali inda aka raba gado. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, tana da manyan ofisoshi a Ibadan da Inugu da Kaduna.

6. A tambayi tsofaffi, musamman mata, domin su suka fi riƙe sunan yanka da dalilin laƙabi. A tambaye su ɗaya ɗaya, kuma kada a fara faɗa musu amsar da ake so.

In abubuwa uku ko huɗu suka dace, suna kaɗai ya saɓa, kuma aka san dalilin saɓanin, to, mutum ɗaya ne. In ba su dace ba, sai a rubuta cewa ba a tabbatar ba. Gara a bar gurbi da a jingina zuri'a ga wanda ba nata ba.

Abin da doka ta ce

Dokar Aure ta ba magatakarda ikon gyara kuskuren alƙalami, da izinin Babban Magatakarda, in an kawo masa takardar da aka ba ma'aurata. Zai sa hannu da kwanan wata a kan gyaran. Ba wanda ke da ikon kankare takarda a gida, ko da ya tabbata kuskure ne. Yin haka yana zubar da darajarta a gaban kotu, yana kuma iya jawo tuhuma.

Kuskuren rubutu ba ya ɓata aure. Abin da dokar ta ce yana ɓata shi shi ne ango da amarya su haɗa baki, da saninsu, a ɗaura da sunan ƙarya. Takardar rantsuwa da sanarwa a jarida kuwa bayani ne a kan saɓanin, ba sa sake abin da ke cikin tsohon littafi. Inda maganar ta shafi gado ko fansho, ya kamata a nemi shawarar lauya tun kafin gardama ta tashi.

A ƙarshe, mai bincike ya rubuta dukan sunayen kakansa wuri ɗaya, kowanne da takardar da aka same shi da shekararta, domin na baya kada su sake shan wahalar da ya sha.

Tambayoyi

1. Me ya sa suna na biyu yake sakewa daga uba zuwa ɗa a ƙasar Hausa?
2. Ban da suna, waɗanne abubuwa ne ake gwadawa a takardar aure?
3. Wa ke da ikon gyara kuskuren alƙalami, kuma da wane sharaɗi?