Kafin a Cire Yaro Daga Makaranta Saboda Ƙwallo

Na buga ƙwallo a gasar ƙasar nan har gwiwa ta ƙi, kuma ina cikin bugawar na yi digiri a fannin ilimin motsa jiki: atisaye da asuba, lacca da hantsi. Yanzu ni ke riƙe da wata makarantar horar da yara ƙwallo. Mutane na zaton aikina busa usur ne a fili, alhali wannan na kociyoyi ne. Ni a kan tebur nake yini, tsakanin takardun haihuwa, rajistar 'yan wasa, sakamakon jarrabawar zango da sauraron iyaye.

Maganar da kunnena ya saba da ita ita ce, “Koci, yaron nan ƙwallo ce abincinsa, a ƙyale shi da bokon nan.” In ka bincika, galibi akwai wani ejan a gefe da ya yi alkawarin gwaji a Turai, ya ce a haɗo kuɗin biza da tikiti. Na ga wanda ya sayar da fili a kan haka.

Ga abin da ejan ba zai gaya muku ba. Sashe na 19 na dokar FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa sun koma can da zama don wata hidima da ba ta shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa ma bai tsallake wannan ba. Ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya taka mata leda. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, ya tashi a makarantar Right to Dream inda aji da fili ke tafiya tare, kuma bai fara buga wa Nordsjælland ta Denmark ba sai da ya cika 18 a 2018.

To, a yi lissafi. Ɗan shekara 15 yana da shekara uku a gabansa, ko ya fi kowa iya murza leda. Shekaru ukun nan su ne SS1 zuwa SS3. Cire shi daga aji ba zai rage masa ko kwana ɗaya na jira ba, sai dai ya raba shi da takardar WAEC ko NECO.

Wanda kuma ya girma, sai a ce a rage masa shekaru don ya shiga cikin ƙanana. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda Kano, Kaduna da Bauchi suka karɓi wasu wasanninta, ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI don a ga ko ƙashi ya gama haɗewa. Ko ya tsallake na'ura, ranar haihuwar da ke fasfo za ta yi karo da ta NIN da ta makaranta. Ɓarnar da ta fi damuna ma a fili take: ɗan shekara 19 a cikin 'yan 15 ƙarfi yake sawa ya wuce, ba ya koyon dabara, ranar da ya haɗu da sa'o'insa sai ya rasa na yi.

Mu ma muna da moriya a takardu na gaskiya, ba zan ɓoye ba. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa waɗanda suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23, kuma rajista ce kaɗai shaida.

Masu cewa boko da ƙwallo ba sa zama inuwa ɗaya su dubi Seyi Olofinjana. Injiniyan sinadarai ne daga jami'ar LAUTECH ta Ogbomosho, ya buga wa Wolves, Stoke da Hull da Super Eagles, kuma da ya rataye takalmi ya riƙe sashen ba da aron 'yan wasa a Wolves, a 2021 ya zama daraktan wasanni na Grasshopper a Zurich. Adokiye Amiesimaka, cikin waɗanda suka ci kofin Afirka a 1980, lauya ne.

Ranar da ta fi mini nauyi ita ce ta sallama, domin akasarin yaranmu ba za su ci abinci da ƙwallo ba. Wanda ya gama sakandare, mukan zauna da mahaifinsa mu yi maganar JAMB, ko kwas ɗin koci, ko alƙalancin wasa. Wanda aka cire tun JS3, ni da uban sai mu yi jugum, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana.

Shi ya sa a wurinmu duk wanda ya yi fashin makaranta ba ya buga wasan Asabar, ko shi ne kyaftin. Idan kuma wani ya zo muku da zancen gwaji, ku nemi lasisinsa na FIFA, wanda tun 2023 sabon ejan ba ya samu sai ya ci jarrabawa. Ku nemi takardar gayyata daga kulob ɗin, ku kawo mana mu tuntuɓe su kai tsaye kafin ku fitar da ko kwabo.