Tara Tsofaffin Kuɗi Ba Sai Mai Hali Ba

'Yan'uwana ɗalibai, a Ingila akwai masu tara tsofaffin kuɗin azurfa waɗanda aka buga da guduma kafin 1662. Tsadarsu ta fi ƙarfina, shi ya sa na koma ga namu na gida, waɗanda aka kashe kafin zuwan Naira a 1973.

Na fara da anini mai huda wanda na tsinta cikin adudun kakata a Challawa. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu kuwa sule guda. Taro da sisi a Kasuwar Kurmi na saye su da kuɗin tara.

Na taɓa dirje wani sule da toka har rubutunsa ya shafe, saboda haka kada ku goge naku. Iyayenmu kuma, don Allah kada ku sayar wa 'yan gwangwan, tarihinmu za su narkar.