Kadangaren Gidanku Ba Dafi Gare Shi Ba

A aikina na duba-gari, tambayar da matan gida suka fi yi mini game da kadangare ita ce: wane magani za a zuba ya mutu? Amsata kullum ɗaya ce: kada a zuba komai.

Kadangare ba shi da dafi. Wannan mai jan kai da baƙin jiki mai sheƙin shuɗi, jangwalagwada, shi ne babban namiji. Katangar da kuke ganinsa a kai masarautarsa ce, yana tare da mata da ƙanana masu launin ƙasa. Gyaɗa kan nan da yake yi ba iyayi ba ne, gargaɗi ne ga wani namijin, tallar kai ce kuma ga mata. Ku lura da shi da sanyin safiya, za ku ga launin ya dushe, sai rana ta gasa shi yake dawowa. Abincinsa tururuwa, gara, fara da ƙwaro. Ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko, ranar sallarsa ce.

Da damina macen kan tona ɗan rami a ƙasa mai danshi, ta zuba ƙwai biyar zuwa bakwai, ta binne, ta yi tafiyarta. Bayan kamar wata biyu su ƙyanƙyashe. Abin mamakin shi ne, zafin ƙasar da ƙwan yake ciki yana da hannu wajen zama namiji ko mace. A kan wannan kadangaren namu aka fara gano haka: wata mai bincike a Dakar, Madeleine Charnier, ta wallafa shi a 1966, kafin daga baya a tabbatar da irinsa a kada da kunkuru.

To ina matsalar? Kashinsa. Wannan ɗan baƙin mai ɗigon fari a gefe (farin fitsarinsa ne, a daskare yake fitar da shi don tattalin ruwan jiki) yana iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela, mai sa gudawa, ciwon ciki da zazzaɓi, musamman ga yara. Masu cewa kadangaren bakin tulu, a bar ka ka ɓata ruwa, sun yi gaskiya. Sai dai laifin na tulun da aka bari a buɗe ne.

Don haka a rufe randa da tulu. Shanyar kuɓewa, tumatir ko tsaki a ɗaga ta daga ƙasa, a lulluɓa mata raga. Kwanukan da suka kwana a tsakar gida a sake ɗauraye su. Yaron da ya harbo kadangare da danƙo ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a tuwo.

Guba kuwa, wadda aka barbaɗa a gindin katanga, kaji ne ke fara tsattsage ta, yaro mai rarrafe kuma yana bayansu.