Idan Hoton Faifai Ya Ƙi Tashi

A cikin shekarun da na yi ina gyaran kwamfutocin ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu, na lura cewa galibin masu zuwa wurina hankali a tashe, suna cewa ajiyarsu ta lalace, ajiyar tana nan lafiya lau, illa dai saɓani ne ya auku tsakanin hoton da aka ɗauka da na'urar da ake nufin zuba shi a cikinta. Shi hoton faifai kwafi ne na faifan ɗungurungum, da Windows ɗinsa da manhajojinsa da ɓangarorinsa na ɓoye waɗanda mai kwamfuta bai taɓa sa su a ido ba, wanda akan ɗauka da Clonezilla ko Macrium Reflect ko Acronis, a adana a wani faifai na waje domin ranar da ƙaddara ta faɗa.

Mafi sauƙin illolin ita ce ta girma. Mutum ya ɗauki hoto daga tsohon faifai mai gigabait 500, ya sayo sabon SSD mai 480, sai Clonezilla ta ƙi, ko da abin da ke ciki bai kai 100 ba, domin ita faɗin ɓangarorin take aunawa. Maganinsa a rage ɓangaren kafin ɗaukar hoton, ko a nemi faifan da ya kai.

Wadda ta fi wahalar da mutane kuwa ita ce a gama zubawa sarai, manhaja ta ce komai ya kammala, a kunna na'ura sai baƙin allo, ko shuɗi mai ɗauke da lambar 0xc000000e. A nan wajibi ne mai gyara ya natsu, domin kwamfutoci tafarki biyu suke bi wajen tashi: tsofaffi suna bin BIOS da tsarin faifai na MBR, wanda iyakarsa terabait 2, sababbi kuma suna bin UEFI da tsarin GPT, suna neman wani ɗan ƙaramin ɓangare mai kimanin megabait 100 inda fayilolin tashi suke zaune. Wanda ya ɗauki hoton ɓangaren C kaɗai ya bar wannan ɗan ɓangare, ya yi kamar wanda ya kwashe kayan ɗaki kaf ya mance makulli. Wanda kuma ya zuba hoton MBR a na'urar da aka saita kan UEFI zalla, to sai ya shiga saitin na'urar ya buɗe Legacy, wato tafarkin BIOS, in har na'urar tana da shi, alhali da yawa daga cikin sababbi sun daina zuwa da shi. Idan tsarin ya dace amma ta ƙi tashi, sai a sa filashin shigar da Windows, a shiga wurin gyara, a rubuta umarnin bcdboot domin ya sake rubuta fayilolin tashin, tare da lura cewa a can faifan da ka sani da C yakan bayyana da D.

Akwai kuma shuɗin allo mai lambar 0x7B, wanda ma'anarsa Windows ta fara tashi amma ta kasa ganin faifan da take kai. Sau da yawa sababin shi ne an ɗauki hoton faifai yana kan saitin AHCI, sabuwar na'ura kuma tana kan saitin RAID, kuma sauya wannan saiti guda yakan wadatar. Wallahi na ga an yi wa na'ura hukuncin mutuwa a kan abin da bai fi minti biyu ba.

Sai BitLocker, makullin faifai na Windows, wanda babu dabarar da ke ƙetare shi: in ya nemi lambobinsa 48, ko dai a same su a asusun Microsoft na mai na'ura ko a takardar da ya rubuta, ko kuwa a yi haƙuri.

Hoto yakan lalace da gaske, ba shakka. Ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka yana yin haka, jabun filashi mai da'awar girman da ba shi da shi yana yi, haka nan faifai mai tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil sama da gigabait 4, yana tilasta a yayyanka hoton gida-gida, kuma ɓacewar yanki guda wajen kwafa ta isa ta rusa sauran. Duk manhajojin nan suna da wurin tantance hoto, amma mutane suna tsallake shi don yana cin lokaci.

Roƙona ga 'yan'uwa masu sana'a da shugabannin ofisoshi shi ne ku tantance hoto ranar da kuka ɗauke shi, ku jarraba zuba shi a wani faifai tun babu larura, ku haɗa filashin ceto ku ajiye tare da shi. Kuma don Allah kada ku goge tsohon faifai, ko ku sayar, sai sabon ya tashi kun buɗe fayilolinku da idonku.